Fuskar Alhaji a Kan Doki Mai Fukafukai

Sana'ata ta farko zanen bayan mota ce. A wani gareji a Kano na koya, wajen ƙanin babana. Direban babbar mota zai kawo ƙyauren baya ya ce a zana masa mutum yana kokawa da zaki, ko mai doki ya soke maciji da mashi, a rubuta addu'a a sama. Wasu su yi itatuwa da gajimare, in an zo fuska sai a kira ni. Kuma kusan kowane direba, da na ɗauki buroshi, sai ya matso ya rage murya ya ce, "Ɗan sa masa gashin baki irin nawa."

Sai sitika ta shigo. Abin da muke kwana uku muna yi, yanzu a minti biyar an manna. A ƙarshen shekarun casa'in, ina ɗan shekara ashirin da uku, na ce bari in je inda ake buga sitikar nan in kai zanena da kaina. Na bi ta Hong Kong na shigo Guangzhou da bizar kwana talatin. Lokacin ba mu da yawa a garin. In ka ji Hausa a titi sai ka waiwaya.

Kwana biyu da zuwana aka fizge min jaka.

Da rana ne tsaka, a kan gadar sama kusa da tashar jirgin ƙasa, na fito daga kasuwar tufafi ta Baima inda na je kallo kawai. Mutane kamar ana rabon abu. Wani ya buge ni a kafaɗa, na juya, wani ya ja jakar ta ɗaya gefen. Fasfona na ciki, da tikitin komawa, da duk zanen da na zo da shi. Ban ga fuskarsa sosai ba. Hannunsa na gani: jan zare a wuyan hannu, farcen babban yatsa ya yi baƙi.

Ina tsaye bakina a buɗe sai na ji an ce, "Kai, ɗan uwa, tsaya nan, kar ka motsa!" Da Hausa. Wani mutum dogo, mai gemu, cikin farar shadda, ya wuce ni yana daka tsawa da Sinanci. Ya sauka daga gadar ya sha kwana. Ban gama innalillahi ta uku ba sai ga shi ya dawo, jakata a hannunsa.

"Duba kayanka, ƙanena."

Komai na nan. Na riƙe hannunsa ina ta godiya, har hawaye. Wannan shi ne Alhaji. Shekara huɗu yana garin, yana da kago, wato kamfanin tura kaya zuwa gida, yana da masauki a hawa na bakwai a wani bene bayan titin Liuhua, inda 'yan kasuwarmu ke sauka. Ya ce in tattaro kayana daga otal in dawo wajensa. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo fasfon. Ka ga abin da ya faru yau. Kwafi za ka riƙa yawo da shi."

Na ba shi ba tare da na yi tunani ba. Wanda bai tashi cikin fatauci ba zai ce wauta ce. Amma haka tsarin yake tun kakanni. Baƙo in ya sauka a gari, wajen fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya kai shi kasuwa, ya yi masa tafinta, ya ajiye masa abin da yake tsoron ɓata. Kakana haka ya yi a fataucin goro. Abin da ka ba fatoma amana ce, kuma ba a tambayarta kamar ana tuhuma. Sau ɗaya za ka iya tuna masa. Sau biyu an fara kallonka. Na uku zagi ne.

Masaukin ya yi min daɗi da farko. Ɗakuna uku, falo ɗaya, tabarmi, tukunyar shinkafa ta lantarki da ba ta hutawa. Da azahar kowa ya dawo a ci abinci tare. A nan Alhaji ya fara ba da labarina.

Ranar farko ɓarayi biyu ne. Bayan kwana uku sun zama huɗu. Da wasu baƙi suka iso daga Yamai, ɗaya daga cikin ɓarayin ya samu wuƙa.

"Ko ba haka aka yi ba, ɗan Kano?"

"Haka ne, Alhaji."

Me zan ce? Shinkafarsa ce a bakina.

Abin da ya fara tsaya min a rai ƙarami ne. Watan zafi ne, irin zafin garin nan mai ɗanko, wanda ko tsayuwa ka yi rigarka sai ta jiƙe. Mutumin nan ya sauka gada a guje, ya yi kokawa da mutum huɗu, ya hawo, amma da na riƙe hannunsa a bushe yake. Shaddar ko lanƙwasa babu. Na tuna wannan ne bayan kwana kusan goma, ina wanke kwano. Na ce a raina, kai, ka ji tsoron Allah, mutum ya yi maka alheri kana lissafin guminsa.

Sai wani mai sayen takalma, shi ma Bakano, da ya riga ni zuwa da shekara guda, ya ce min muna shan shayi, "Ai ni ma a gadar nan Alhaji ya tsamo ni. Allah dai ya biya shi."

"A gadar?"

"Wallahi. Jakata suka ɗauke. Kafin ka ce me, ya dawo da ita."

Ya faɗa yana murmushi, ya ci gaba da hura shayinsa. Ni kuwa nawa ya huce a hannuna. Amma gaskiya ita ce, kowa ya san gadar nan matattarar ɓarayi ce, kuma siton Alhaji yana ƙetarenta, a rana sai ya hau ta sau biyar. In zai ceci mutum, a ina zai cece shi in ba nan ba? Haka na riƙa yi da kaina, in ɗaura in kwance.

A sati na uku ya kai ni wajen masu buga sitika. Wani lungu ne mai warin tawada, shago ƙarami, inji biyu a gaba. Mai shagon mace ce, ta kai hamsin, gajeriya, tabarau a rataye a wuya. Kowa lawban yake ce mata, wato shugaba, ni ma na bi. Turancinta guntu-guntu, nawa ma bai fi nata ba, sai muka daidaita. Ta duba zanena ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan mai kokawa da zaki, ta ɗaga babban yatsa.

A bayan shagon na hango wani aiki dabam. Takardu a shanye a igiya, launin ƙasa-ƙasa kamar sun shekara ɗari. A ƙasa ga baho cike da ruwan shayi. Ta ga ina kallo ta yi dariya. Ta ce otal-otal ne ke saye su rataye a bango, suna son ya yi kama da tsohon abu, shi ya sa take jiƙa takardar a shayi. Zanen Turawan da ne, na shekara ɗari uku da wani abu, ta kwafo daga wani littafi ta sassaƙa a farantin tagulla da hannunta. Ashe abin da ta karanta ke nan a makaranta, sitika neman abinci ce kawai.

Na ɗauki ɗaya. Ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Babu fenti ko ɗigo, layi ne kawai, siriri kamar gashi, dubbai, a gicciye da juna, amma sai ka rantse ruwan yana motsi. Teku ya tashi. Wani dodon ruwa ya buɗe baki, haƙora kamar na zarto. A gefe mace ce a ɗaure da sarƙa jikin dutse, babu kaya a jikinta sai ɗan ƙyalle da iska ke ja. Daga sama kuma jarumi ne a kan doki mai fukafukai, ya sako kai ƙasa, takobi a zare.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata.

"A'uzu billahi. Ba su da zani ne a garinsu?"

Amma bai ɗauke ido ba. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta, ya matso da ita. Sai ya ce, "Ƙanena, ka san me? Kalanda nake so in buga wa kwastomomi. Wannan ne. Wannan dokin."

Na tambayi lawban labarin zanen. Ta sa tabarau, ta ɗauko littafin, ta buɗe a kan tebur. Ta ce tatsuniya ce tsohuwa: dodo ya addabi gari, aka ce sai an ba shi 'yar sarki, aka ɗaure ta a bakin teku, baƙo ya zo ta sama ya kashe dodon ya aure ta. Na ce ai mu ma muna da mai kama da wannan, namu a rijiya macijin yake. Ta gyaɗa kai, ta ce kowa yana da shi.

Sannan ta ɗora yatsa a kan matar.

"Wannan ba mace ba ce. Gari ne. Wani lokaci ƙasa guda."

Ta matsa kan dodon. "Wannan sojojin maƙwabta. Ko yunwa. Ko duk wanda ake so mutane su tsana."

"Mai dokin fa?"

"Wanda ya biya mai zane."

Ta buɗe shafi uku ta nuna min. Doki ɗaya, dodo ɗaya, amma fuskar jarumin daban-daban. Wani da gashin baki a murɗe, wani da kumatu, wani tsoho ne ma sosai, an dai ba shi ƙirjin saurayi. Ta ce masu mulkin wancan zamanin in suka ci yaƙi, ko suna so a ce sun ci, sai su sa a buga irin wannan da yawa a watsa a gari, kowa ya ga wanda ya cece shi. Ta ce wani lokaci in mai mulki ya faɗi, ba a yar da farantin. A kankare fuskar a sassaƙa ta sabon. Ta ba ni gilashin ƙara girma ta ce in duba gefen kan wani. Ga shi nan kuwa, inuwa-inuwa, alamar hular wanda aka goge.

Na yi dariya har na riƙe tebur. Na ce mata mu ma haka muke yi in an sayar da mota. Sabon direba ya kawo a canza gashin baki.

Alhaji bai ji abin da muke cewa ba, yana can yana nazarin takardarsa. Sai ya ɗago fuska a murtuke.

"Kai, wannan bahago ne? Da hagu yake riƙe takobi?"

Na tambaye ta. Ta ɗan ji kunya. Ta ce a littafin da dama yake riƙe, ita ce ta kwafa kai tsaye a kan tagulla, kuma duk abin da ka sassaƙa, in an matsa a takarda juyewa yake yi. Masu otal ba su taɓa lura ba.

"To a mayar masa dama," in ji Alhaji. "Ba za a ce jarumina da hagu yake aiki ba. Matar nan kuma a cire ta. A sa kwalaye a kan dutsen, a ɗaure su da sarƙar, ga jirgin ruwa can nesa. Fuskar kuma..." Ya shafa gemu. Ya rage murya. "Ka dai gane."

Na gane.

Kafin mu fita na sake duba zanen da gilashin, domin akwai wasu ƙananan mutane can baya a bakin gaɓa da ban kula da su ba. Wani mai kambun sarauta, da mace tana kuka, da wani ya miƙa wa mai sarautar hannu. Kusa da su doki, fukafukai a naɗe. Na ce wa lawban wannan ba jarumin ba ne kuma? Ta ce shi ne. Masu zanen da suna sa farkon labari ƙarami a baya. Kafin ya tashi sama sai da ya tsaya ya yi ciniki da uban: in na kashe, tawa ce.

"Tana ɗaure yana ciniki?"

"Tana ɗaure."

"Dodon fa, wa ya turo shi?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce wannan ba ya cikin zanen.

Kwana huɗu na yi ina zana kalandar a falon masauki. Ban yi ha'inci ba, na yi masa fuska mai kyau, har ɗan tabon da ke gefen hancinsa na sa. Da azahar mutane su zagaye ni suna kallo. Rana ta uku mai takalma ya ce kwalayen nan ba su da rai, ba su ba shi tausayi ba. Alhaji ya tafa hannu.

"To ko mu cire su mu ɗaure ɗan Kano a dutsen? Da jakarsa a wuya, baki a buɗe!"

Falon ya ɗauki dariya. Har wani ya kwaikwayi yadda aka ce na tsaya a gadar. Ni ma na yi dariya, amma buroshin sai da na ajiye shi.

Ranar na tuna masa fasfo. Saura kwana tara bizata ta ƙare, kuma sitikata ba za ta fito ba sai bayan sati biyu. Kowa a masaukin ya san abin da ake yi wa wanda ya zarce: a tsare ka, a buga maka hatimin da ba za ka sake shigowa ba.

"Yana ofishin biza, ƙanena. Na kai a ƙara maka wata guda. Gobe ko jibi."

Jibi ta wuce. Saura shida na sake tambaya, a hankali, muna saukowa daga bene mu biyu.

"Ɗan Kano," ya ce, bai ko kalle ni ba, "ka taɓa jin na cinye fasfon wani?"

"A'a, Alhaji."

"To."

Sau biyu ke nan. Na uku babu.

Washegari ya aike ni sito in kai wa ma'aikatansa takarda. Mutum uku na loda kwalaye a mota. Ɗaya ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Jan zare a wuyan hannu. Farcen babban yatsa baƙi.

Na tsaya ina kallonsa, shi ma ya kalle ni, ya ce nihau, wato sannu, ya juya ya ci gaba da aiki. Ko gezau. Na fito na zauna a bakin titi. A cikin rabin awa na ƙirga mutum biyar da jan zare a hannu, har da wata tsohuwa mai sayar da lemo. Farce kuwa, duk mai ɗaukar kaya ƙofar mota ta taɓa datse shi. Kuma in faɗi gaskiya, a satin farkon nan duk fuskokin garin iri ɗaya nake ganinsu, ni da ake kira mai fuska. Na ɗauki biro na gwada zana ɓarawon a bayan kwali. Abin da ya fito fuskar ma'aikacin ce sak. Amma ita na gani yanzu, wace zan zana in ba ita ba?

Ranar Juma'a bayan an idar a tsohon masallaci, na tsaya jiran wani dattijo ɗan Maraɗi da kowa ke ce wa Baba. Yadi yake saye, ba ya sauka a wajen kowa, kuma in rigima ta tashi tsakanin 'yan kasuwa shi ake kira. Na gaishe shi na ce ina da magana. Muka zauna a gindin wata itaciya. Na zayyana masa komai, har gumin.

"Bon," ya ce. "Mi ka gani da idonka?"

"Hannu, Baba."

"Hannu." Ya jinjina kai. "Da hannu za ka tahi gaban jama'a ka ce mutum ɓarawo na? Yaro, kar ka hwara. In ƙarya ce ka ɗauki alhaki. In gaskiya ce ba ka iya tabbatarwa, kuma paspor ɗinka shina hannunsa."

"To ya zan yi? Saura kwana huɗu."

"Ni ban san abin da ya hwaru bisa gada ba, ban nan. Abin da na sani, wanda ke riƙe da paspor ɗinka, ta wurinsa kayanka za su bi. Kowane mai masauki haka shike yi, wannan ba sata ba ce. Amma akwai ƙohwa guda. Ka yi mishi sallama."

Na san sallama, na dai manta tana aiki a nan. Baƙo in zai bar fatomansa, ba ya sulalewa. A gaban mutane yake tashi, ya kawo goro, ya yi godiya, ya nemi gafara, ya ce ya tashi. Shi kuma fatoma dole a wurin ya fito da duk amanar da ke hannunsa, kafin baƙon ya sa takalmi. Ba tambaya ba ce, don haka ba zagi ba ne.

"Amma ka sani," in ji Baba, "wanda ya yi sallama kayansa ba su hita ba, kowa ya gane abin da shike nuhi. Ba ka komowa. Kuma ba mai masaukin da za shi ɗauke ka, don kar a ce ya raba ka da shi. Kai kaɗai za ka yi sauran."

"Ba na jin Sinanci, Baba."

"Ai shi ya sa na hwaɗa maka tun yanzu."

Goro babu a garin. Na zaga har na samu shagon Musulmin ƙasar, na sayi dabino da kwalin ganyen shayi. Asabar da azahar Baba ya zo masaukin kamar ya biyo hanya ne, aka ba shi wuri. Mu tara ne a falon. Kalandar na jingine a bango, an kawo gwajin farko daga shago, Alhaji a sama yana sako takobi da hannun dama.

Da aka gama ci aka wanke hannu, na tashi na ɗauko ledar na ajiye a gabansa. Na durƙusa.

"Alhaji, na zo sallama. Ka tsamo ni ranar da ba ni da kowa, ka ba ni ɗaki, ka ba ni abinci. Allah ya saka da alheri. Abin da na yi maka ba daidai ba, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe min. Yau zan tashi."

Mai takalma ya ce, "Kai, sitikar taka ta fito ne?"

Alhaji ya kalli ledar, ya kalli Baba. Baba na sakace.

"Dabino," in ji Alhaji. "Har da shayi. Lallai an koya maka."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Ina jin ƙarar makulli. Zuciyata na cewa yanzu zai fito ya ce yana ofis, sai Litinin, kuma daga nan ban san abin yi ba. Sai ga shi da gwangwanin biskit. Ya zauna ya buɗe a gaban kowa. Fasfo ne a ciki, kore-kore, sun fi goma, an ɗaure da roba. Ya lashi yatsa yana dubawa a nitse, ya zaro nawa, da tikitina a ciki. Bai miƙo min ba. Ya ajiye a kan tabarma ya tura da yatsa ɗaya.

"Buɗe. A gabansu."

Na buɗe. Ga sabon hatimi, an ƙara min wata guda cif. Bai yi ƙarya ba, ya kai. Kunya ta rufe ni tun daga wuya har kunne. Sai idona ya sauka a kan kwanan watan da aka buga. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Tun kafin in tambaya ta farko fasfon na cikin gwangwanin nan. Ranar da ya ce gobe ko jibi, yana ɗaki. Ranar da muke saukowa daga bene, yana ɗaki.

Na ɗago. Yana kallona, kuma ya san na gani.

"Akwai matsala, ƙanena?"

"Babu, Alhaji. Na gode."

"Ka gode." Ya rufe gwangwanin. "Ku gani fa. Mutum huɗu na shiga tsakaninsu saboda yaron nan, da wuƙa. Allah ya kiyaye hanya, ɗan Kano. Garin da faɗi."

Mai takalma bai ba ni hannu ba. Sauran suka ba ni sama-sama. Na lura mutum biyu idonsu na kan gwangwanin har aka mayar da shi ɗaki. Baba ya raka ni har ƙasan bene, ya nuna min kwanar da zan bi in samu otal mai sauƙi, ya ce in riƙa gaishe shi ranar Juma'a, ya tafi abinsa.

Har yau ban san gaskiyar abin da ya faru a kan gadar ba. Wani lokaci in ce na zalunci mutumin da ya taimake ni, wani lokaci in ce da ban tashi ba da har yanzu ina cewa haka ne Alhaji. Abin da na sani shi ne sauran kwanakin sun yi min wuya. Kago uku na je, da sun ji daga inda na fito sai su ce wuri ya cika. Da nuni da yatsa na gama komai, kalmar da na fi ji ita ce meyo, babu. Sitikata a jaka biyu na ɗauko ta da kaina, rabi na bari a shagon lawban don nauyi.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, na isa otal ɗin jaka a kafaɗa, rigata sharkaf. Matar da ke kanta ta miƙo hannu ta ce fasfo. Na ba ta. Ta buɗe aljihun tebur za ta saka, ta nuna min da hannu cewa sai gobe, za su yi rajista.

Na ɗora hannuna a kai.

Ta ja, na riƙe. Ta yi magana da sauri, na girgiza kai. Ta kira wani mai kwat, shi ma ya yi nasa bayanin, na nuna masa biro da takardar rajistar, na nuna ƙasa inda nake tsaye. Mutane suka taru a bayana suna tsaki. A ƙarshe ta gaji, ta jawo takardar, ta fara kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya tana hararata, ni kuma ina riƙe da gefen shafin da yatsa biyu har ta gama.